Soket ya yi shiru, taga ta daskare: wace hanya za ka bi a manhajar kwamfutar tebur?

Duk mai rubuta manhajar da ke zaune a kan kwamfuta, ta kanti ce ko ta ɗakin magani ko ta ofishin akanta, in dai manhajar tana magana da wata kwamfuta ta soket, wato ƙofar da bayani ke shiga da fita ta hanyar sadarwa, akwai kiran wayar da ke jiransa: "Malam, abin nan naka fa ya tsaya." Ka je ka tarar da ɗayan biyu. Ko dai taga, wato fuskar manhajar a allo, ta yi fari fat, Windows ya liƙa mata cewa ba ta amsawa, ko kuwa taga lafiyarta ƙalau, maɓallai na dannuwa, amma bayanin da ake jira daga saba, kwamfutar da ke raba bayanin, ya ƙi isowa, kuma babu ko saƙon kuskure ɗaya da za ka kama. Na biyun ne mai hana barci.

Asalin rigimar ba shi da wuyar ganewa. Zare, wato layin aiki guda da ke gudana a cikin manhaja, ɗaya ne ke yi wa taga hidima, shi ke karɓar dannin linzami, shi ke zana rubutu, kuma in ya yi daƙiƙa 5 bai leƙa layin saƙonninsa ba, Windows ya ɗauka ya sume. Shi kuwa recv, umarnin karɓar bayani daga soket, yadda aka gado shi daga soket ɗin Berkeley na 1983, in ka kira shi babu bayani a ƙasa, zama yake yi ya jira ko da za a kwana. Ka haɗa su a zare ɗaya, taga ta daskare. Ka raba su, sai tambaya ta taso: wa zai yi jiran, kuma ta wace ƙofa zai sanar da taga cewa abu ya iso? Hanyoyi biyar zan auna, duk a kan Windows, tunda can yawancin irin waɗannan manhajoji ke zaune.

## Abin da za mu auna da shi

Farashi. Kusan duk kayan nan kyauta ne, har Visual Studio Community ga mutum ɗaya ko ƙaramar tawaga. Don haka in na ce farashi, ina nufin kwanakin da za ka kashe kafin ka iya, da sharaɗin lasisi in akwai.

Ƙarko. Nan da shekara goma, masu hanyar za su ci gaba da kula da ita? In haɗi ya ƙaru daga 3 zuwa 300, za ta ɗauka? In gobe aka ce a kai manhajar Linux ko Mac, za ta bi ka?

Sauƙi. Ba sauƙin rubuta layi hamsin na farko ba, wannan kowa ya iya. Sauƙin karanta kod ɗin bayan wata shida, lokacin da ka manta abin da ka yi.

Haɗari. Wane irin kuskure hanyar ke haifarwa, kuma, abin da ni na fi bai wa nauyi, in ya faru za ka gan shi a inda ya faru ko sai a wani lungu can daban? Kuskuren da ke tsayawa a inda aka haife shi aikin awa ɗaya ne. Wanda ke yawo, sai ya ci maka mako.

## Hanya ta farko: zare na musamman ya zauna ya jira

Ka buɗe sabon zare, ka bar shi ya kira connect, ya kira recv, ya yi ta jira. In bayani ya zo, ya aika wa taga da PostMessage. Wasu na raina wannan hanya, suna ganin ta 'yan koyo ce, alhali ita ta fi kowace sauƙin bin diddigi. In manhaja ta yi shiru, ka dakatar da ita a cikin Visual Studio, ka buɗe jerin zaruruwa, za ka ga kowanne tsaye a layin da ya maƙale. Gani ya kori ji. Kod ɗin ma daga sama zuwa ƙasa yake tafiya kamar labari: haɗa, aika, karɓa, rufe.

Farashinta kwana ɗaya ko biyu na koyo. Ƙarkonta ta fuskar shekaru babu kamarsa, domin send da recv ba za su tafi ko'ina ba, kuma kusan haka suke a Linux. Ta fuskar yawa ne take gajiya: kowane zare Windows na ware masa megabayit 1 na wurin aiki in ba ka canza ba, haɗi ashirin ba komai ba ne, haɗi dubu kuwa ɓarna ce.

Wahalarta tana wajen rufewa. Zaren da ke barci cikin recv ba ya jin kira. Hanyar da aka saba bi ita ce a rufe soket ɗin daga wani zare, recv ya farka da kuskure, zaren ya fita da ƙafarsa. Kada ka kusanci TerminateThread, yana iya kashe zare yana riƙe da makulli, abin da ke hana zaruruwa biyu taɓa abu ɗaya a lokaci guda, sauran su yi ta jiran mamaci. Wani tarkon kuma shi ne SendMessage. In zaren soket ya kira SendMessage, tsayawa yake sai taga ta amsa. In a daidai lokacin taga tana jiran zaren ya ƙare domin a rufe manhaja, shi ke nan an yi cirko-cirko: wannan na jiran wancan, wancan na jiran wannan. Manhajar da ke ƙin rufuwa, sai an bi ta Task Manager an kashe ta, sau da yawa wannan ne ciwonta.

## Hanya ta biyu: sanarwa ta shigo ta layin saƙonnin taga

Wannan ita ce WSAAsyncSelect, kuma ita ce ke ƙarƙashin CAsyncSocket na MFC (laburaren Microsoft na gina manhajar Windows da C++), wanda ke buɗe wata ɓoyayyiyar taga domin karɓar saƙonnin. Tun farkon Winsock, tsarin soket na Windows, take, zamanin Windows 3.1, lokacin da manhaja ba ta da ikon buɗe zare na biyu. Ka ce wa Windows: in wani abu ya sami soket ɗin nan, turo mini saƙo kamar yadda kake turo dannin linzami. Sai saƙonni su riƙa zuwa: FD_CONNECT, FD_READ, FD_WRITE, FD_CLOSE. Babu zare na biyu, babu makulli, kana iya taɓa taga kai tsaye daga inda saƙon ya same ka. Daɗinta ke nan, kuma ba ƙaramin daɗi ba ne.

Zan daɗe a nan, domin yawancin masu kukan "sanarwa ta ɓace" a nan suke, kuma a mafi yawan lokuta ba ɓacewa ta yi ba, ƙa'idar zuwanta ce ba su sani ba.

Ɗauki FD_WRITE. Mai koyo yana zaton duk lokacin da soket ya shirya karɓar bayani za a gaya masa. Sai ya tsara kod ɗinsa: in jira FD_WRITE, in aika, in sake jira. Na farko ya zo bayan an haɗu, ya aika, ya zauna jiran na biyu, shiru kake ji. Ba zai zo ba. FD_WRITE yana zuwa sau ɗaya bayan haɗuwa, daga nan ba ya sake zuwa sai send ya ƙi karɓa da lambar 10035, wato rumbu, wurin da bayani ke taruwa kafin ya wuce, ya cika, sannan wuri ya samu. Ƙa'idar ita ce ka yi ta aikawa har a ce maka dakata, sannan ka jira a ce ci gaba. Ita kanta 10035 ba kuskure ba ce, "ba yanzu ba" take nufi. Haka connect zai dawo maka da ita nan take, sakamakon gaskiya kuwa yana cikin saƙon FD_CONNECT, a ɓangaren da WSAGETSELECTERROR ke cirowa. Wanda bai duba wurin ba zai rubuta "an haɗu" a allo alhali 10061 aka turo masa, wato saba ta ƙi shi.

FD_READ nasa halin daban. In ya zo ba ka kira recv ba, ba za a sake turo wani ba, ko bayani ya taru kamar dala. Kiran recv ne ke sake buɗe ƙofar. In kuma ka kira recv sau uku a saƙo ɗaya, kana iya samun ƙarin FD_READ daga baya wanda za ka je ka tarar babu komai sai 10035. Kod ɗin da ya ɗauki wannan a matsayin mutuwar haɗi zai riƙa yanke lafiyayyen soket da hannunsa. FD_CLOSE kuwa sau ɗaya tak yake zuwa, kuma yana iya samun ka da sauran bayani a rumbu. In ka rufe nan take ba ka kwashe ba, wutsiyar fayil ta tafi. Mai fama da fayil da ke zuwa daidai sau tara, na goma ya zo guntu, ya fara dubawa a nan.

Sai kuma wanda ya taɓa cin mini kwana uku. Ina neman wani kuskure, sai na sa MessageBox a cikin OnReceive, inda CAsyncSocket ke karɓar FD_READ, don in ga abin da ke shigowa. Kafin in danna maɓallin rufe akwatin, sai ga wani akwatin a kansa, ga wani, bayanan kuma suka hargitse, na baya ya riga na gaba. Dalili: akwatin saƙo yana da nasa zagayen karɓar saƙonni. Yana tsaye a allo yana jirana, amma a bayan fage yana ci gaba da raba saƙonni, har da sabon FD_READ, wanda ya sake shiga OnReceive tun kiran farko bai fita ba. Garin neman gira na kusa rasa ido. Tun daga ranar, OutputDebugString ko fayil ɗin rajista nake amfani da shi, mai ɗauke da lokaci da lambar soket da lambar zare a kowane layi.

Ƙananan tarkuna biyu. Kiran WSAAsyncSelect na biyu a kan soket ɗaya yana soke na farko ne, ba ƙari yake yi ba, don haka duk sanarwar da kake so ka haɗa su a kira guda. Sannan bayan closesocket, tsoffin saƙonni na iya zama a layi, kuma Windows na sake raba lambar soket ɗin da aka rufe, sai saƙon mamaci ya faɗa kan sabon haɗi.

Ƙarko fa? Microsoft ta riga ta sa wa WSAAsyncSelect alamar tsufa, mai harhaɗa kod ma yana gargaɗi a kanta. Tana aiki har yau, amma ba ta fita daga Windows, kuma in taga ta shagala da wani dogon aiki, soket ma ya shagala tare da ita.

## Hanya ta uku: WSAEventSelect

Ƙanwar ta biyu ce, ta zo da Winsock 2. Maimakon saƙon taga, Windows na kunna wata alama, zare ɗaya yana jiran alamomi da yawa da WSAWaitForMultipleEvents. Duk ƙa'idojin FD_WRITE da FD_READ da FD_CLOSE da na lissafa suna nan daram, sai dai ka rabu da taga, ka rabu da rikicin akwatin saƙo, kuma ba a sa mata alamar tsufa ba.

Abu uku za ka riƙe. Alama 64 ce iyakar abin da zare ɗaya zai jira, kuma ɗaya za ta tafi wajen umarnin tsayawa. In alama ta kunnu, WSAEnumNetworkEvents za ka kira, shi zai faɗa maka abin da ya faru kuma ya kashe alamar. In ka kashe ta da kanka, kana iya share sanarwar da ta shigo a tsakani. Na uku, in alamomi da yawa sun kunnu tare, ta farko a jeri ake miƙo maka, saboda haka soket mai surutu da ke gaba yana iya hana na baya samun juyi. A ganina wannan hanya ta tsaka-tsaki ce mai ɗauke da wahalar ɓangare biyu: ga ƙa'idojin sanarwa, ga kuma aikin miƙa sakamako daga zare zuwa taga.

## Hanya ta huɗu: IOCP, kai tsaye ko ta hannun Asio

Nan tunanin ya juya. Hanya ta biyu da ta uku cewa suke "ruwa ya zo famfo, zo ka ɗiba". IOCP, wato I/O Completion Ports, tsarin sanar da kammalar aiki wanda ke cikin Windows tun NT 3.5, cewa take "nuna mini randa ka tafi, in na cika zan kira ka". Ka miƙa rumbunka tare da wani tsari mai suna OVERLAPPED, WSARecv ya dawo da 997, wato aiki na tafiya, sai daga baya sakamako ya fito ta GetQueuedCompletionStatus. Zaruruwa kaɗan na iya riƙe dubban haɗi. Babu hanyar da ta kai ta ɗaukar kaya a Windows.

Haɗarinta na cikin misalin randar. In ka ɗauke randa kafin ɗan garuwa ya iso, ba fasawa zai yi ba, juye ruwan zai yi a inda randar take, ko da yanzu tukunyar miyar wani ce a wurin. Ka saki rumbu ko OVERLAPPED tun aikin bai kammala ba, Windows ya rubuta a wurin da ka riga ka bai wa wani abu, manhaja ta faɗi bayan minti ashirin a wajen buga rasit, inda babu ruwan soket ko kaɗan. Ko bayan ka rufe soket, ayyukan da ke rataye sai sun dawo ɗaya bayan ɗaya da lambar kuskure irin 995, kuma sai na ƙarshe ya dawo kake da ikon sakin kaya. Irin kuskuren nan mai yawo ke nan da na ambata. AddressSanitizer, kayan kama taɓa wurin da aka riga aka saki, wanda ya shigo Visual Studio tun na 2019, yana taimakawa, amma farashin koyon IOCP tsirara makonni ne, ba kwanaki ba.

Shi ya sa mai C++ da ke buƙatar wannan ƙarfi gara ya bi ta Asio, laburaren Christopher Kohlhoff da ya shiga Boost a 2008. A Windows IOCP yake amfani da ita, a Linux epoll, a Mac kqueue, kod ɗinka bai canza ba, lasisinsa kuma ba ya ɗaure kowa. Nasa tarkunan sanannu ne: run yana dawowa nan take in babu aikin da ke rataye, sai ka ga zaren ya mutu tun kafin a fara, async_write biyu a lokaci guda a kan soket ɗaya suna iya cakuɗa bayanansu, dole ka yi layi, batun randa kuma yana nan, shared_from_this ne maganinsa. Abin da na fi yaba masa shi ne BOOST_ASIO_ENABLE_HANDLER_TRACKING: ka kunna shi, ya rubuto maka kowane aiki, wa ya fara shi, yaushe ya dawo, da wane sakamako. Sai dai Asio bai san da zaman tagarka ba, kai za ka gina gadar da ke tsakani.

## Hanya ta biyar: abin da gidan da kake ciki ya tanada

In manhajarka da Qt aka gina ta, akwai QTcpSocket. In C# ce da WinForms ko WPF, akwai async da await tun 2012. Na haɗa su wuri ɗaya domin amfaninsu ɗaya ne: wasu sun riga sun sha wahalar gadar nan tsakanin soket da taga, sakamako yana sauka a zaren taga ba tare da ka ɗaga yatsa ba.

A Qt, sigina ne ke zuwa: connected, readyRead, disconnected, da errorOccurred daga Qt 5.15. Lura da readyRead, halinsa ya saɓa wa FD_READ. Yana zuwa ne in sabon bayani ya iso. In ka karanta rabi ka bar rabi, ba za a sake tuna maka ba sai wani sabon ya zo, in kuwa saba ta gama magana, ragowar nan za ta kwana a rumbu kana zargin hanyar sadarwa. Ka kwashe duka cikin naka rumbun, ka riƙa ciro cikakkun saƙonni da madauki har su ƙare. Soket na zaren da aka haife shi ne, in ka taɓa shi daga wani zare, Qt zai yi gargaɗi a tagar fitarwa, kuma gargaɗin nan ba na ado ba ne. Kada ka share soket da delete a cikin siginarsa, deleteLater aka tanada. Su kuma waitForReadyRead da 'yan uwansa, takardun Qt da kansu sun ce suna iya gazawa haka kawai a Windows. Farashi: kyauta a ƙarƙashin lasisin LGPL in ka kiyaye sharuɗɗanta, wanda mafi sauƙin hanyarsa ita ce ka bar laburaren Qt a matsayin fayilolin DLL daban, in ba haka ba sai lasisin kuɗi.

A C#, kod ɗin na karantuwa daga sama zuwa ƙasa kamar na hanya ta farko, amma babu zaren da ke zaune yana jira, IOCP ce ke aiki a ƙasa. Babban ramin guda ɗaya ne, kuma kusan kowa sai ya faɗa: kiran Result ko Wait a zaren taga. Taga ta tsaya jiran aiki, aikin kuma yana jiran taga ta saki domin ya ƙarasa a kanta, cirko-cirko ya dawo da sabuwar riga. In ka fara await, ka bi shi har sama. Sai async void, wanda kuskuren cikinsa ba ya komawa ga mai kira, a bar shi ga masu karɓar dannin maɓalli kawai. ReadAsync in ya dawo da 0, ɗaya ɓangaren ya rufe ke nan, wanda bai duba ba madaukinsa zai yi ta juyi a banza, fankar kwamfuta na kuka. Kuma a tsohon .NET Framework, alamar sokewa ba ta farkar da ReadAsync na NetworkStream in ya riga ya fara jira, sai an rufe soket ɗin.

Rauninsu wajen bin diddigi shi ne in ka dakatar da manhaja ba za ka ga kowa tsaye a layin jira ba, zaren taga na zaune abinsa. A Visual Studio tagogin Tasks da Parallel Stacks na nuna ayyukan da ke rataye. A Qt, rajista ce abokiyarka.

## Ciwo biyu da sauya hanya ba ya warkarwa

Kafin ka rushe kod ɗinka ka koma wata hanya, tabbatar ba ɗayan waɗannan ke damunka ba.

TCP, ƙa'idar da soket ɗin nan ke aika bayani da ita, bai san saƙo ba, kwararar bayit kawai ya sani. Ka aika sau biyu, ya iso a dunƙule. Ka aika sau ɗaya, ya iso kashi uku. A kwamfutarka, inda saba da manhaja ke zaune tare, kusan kullum daidai yake zuwa, shi ya sa sai an kai wa mai kaya abin ke tashi. Ka sa tsawon saƙo a gabansa, bayit 4 sun isa, kada ka taɓa saƙo sai ya cika.

Na biyun, mu da ke zaune inda ake ɗauke wuta ba sallama mun fi kowa saninsa. Na taɓa yi wa wani kantin magani manhaja: saba kwamfutar tebur ce a ofishin baya, masu sayarwa na gaba da laftof, rauta, na'urar da ke haɗa su, na kan ƙaramin batir. In an sauya farashi a baya, saba ta tura wa na gaba. Ranar nan aka ɗauke wuta, saba ta mutu nan take, laftof da rauta ko gezau. Aka tayar da janareta, saba ta dawo, manaja ya sauya farashin wani magani, na gaba suka wuni suna sayarwa a tsohon farashi, ɗigon da na sa a kusurwar allo kuma kore shar, wai "an haɗu". Babu FD_CLOSE, babu kuskure. Kwamfutar da wuta ta yanke ba ta samun damar yin ban kwana, shi kuma soket da ke saurare kawai, ba ya aika komai, ba shi da hanyar sanin abokinsa ya mutu. Da laftof ɗin ya aika ko bayit ɗaya bayan saba ta dawo, da ya sami 10054 nan take, wato saba ta yanke haɗin. SO_KEEPALIVE, saitin da ke sa soket ya riƙa tambayar ko abokinsa na raye, yana nan, amma in ba ka taɓa saitinsa ba, sai bayan awa 2 na shiru yake fara tambaya. Ko ka rage wa'adin da SIO_KEEPALIVE_VALS, ko, abin da na yi, ka sa manhaja ta riƙa aika "kana nan?" duk daƙiƙa 10, in an yi uku babu amsa ta rufe ta sake haɗawa, ta kuma nemi duk abin da ya wuce ta.

Hanyar rarrabe laifin kod da laifin waya kuwa ɗaya ce a duk hanyoyin biyar. Buɗe Wireshark, manhajar da ke nuna duk abin da ke shiga da fita ta hanyar sadarwa. In bayanin ya iso kwamfutar amma manhajarka ba ta gan shi ba, laifin na cikin gida ne. Sannan netstat -ano ko TCPView, masu nuna halin da kowane soket ke ciki: soket da suka taru a CLOSE_WAIT na nufin ɗaya ɓangaren ya yi sallama, kai ne ba ka rufe naka ba.

## A taƙaice cikin jadawali

| Hanya | Farashin koyo | Ƙarko | Sauƙin karatu | Kuskuren da ta fi haifarwa | Gano kuskure |
|---|---|---|---|---|---|
| Zare mai jira | Kaɗan | Ba ta tsufa, amma ba ta ɗaukar haɗi da yawa | Sosai | Cirko-cirko wajen rufewa | Mafi sauƙi |
| WSAAsyncSelect, CAsyncSocket | Kaɗan a farko, ƙa'idoji daga baya | An sa mata alamar tsufa, Windows kawai | Matsakaici | Jiran sanarwar da ba za ta zo ba | Sai da rajista |
| WSAEventSelect | Matsakaici | Tana nan, iyaka 64 a zare | Matsakaici | Share alama, danne na baya | Matsakaici |
| IOCP tsirara | Mai yawa | Dubban haɗi, Windows kawai | Da wuya | Sakin rumbu da wuri | Mafi wuya |
| Asio | Matsakaici zuwa mai yawa | Dubban haɗi, ko'ina | Matsakaici | Rayuwar rumbu, cakuɗa rubutu | Da sauƙi in an kunna bibiya |
| QTcpSocket | Kaɗan, a kula da LGPL | Mai kyau, ko'ina | Sosai | Barin ragowa, taɓawa daga wani zare | Matsakaici |
| async da await | Kaɗan | Mai kyau | Sosai | Result a zaren taga | Matsakaici |

## Wa ya dace da wacce

In sabuwar manhaja za ka fara da C# ko Qt, kada ka wahalar da kanka, ɗauki abin da gidan ya tanada. Wanda ke cikin Qt ya je ya jawo Winsock tsirara, ya bar rijiya a tsakar gida ya tafi rafi.

In C ko C++ ce zalla a kan Win32, kuma haɗi ɗaya ne ko biyar, zuwa saba ko na'urar buga rasit ko sikeli, zare mai jira da PostMessage ya ishe ka. Ka ba da lokacinka wajen tsara yadda zai rufu lafiya. In haɗin ya kai gomomi kuma ba ka son jawo laburaren waje, nan ne kawai nake ganin WSAEventSelect ta ci kuɗinta.

In ka gaji tsohuwar manhajar MFC mai CAsyncSocket, tana aiki amma tana shiru jefi-jefi, ban ba ka shawarar rushe ta ba. Sa rajista a OnConnect, OnReceive, OnSend da OnClose, ka bi ƙa'idojin nan ɗaya bayan ɗaya: ana aikawa har 10035? Ana kwashe ragowa a OnClose? Akwai akwatin saƙo a cikin mai karɓa? An miƙa soket ga wani zare ba tare da Detach da Attach ba? Yawanci a cikin huɗun nan za ka kama ɓarawon. Sauya hanya ya jira sai ranar da za a sake gina manhajar gaba ɗaya.

In manhajar taka ita ce sabar, ɗaruruwan kwamfutoci na shigo mata, ko kuwa ana so ta yi aiki a Windows da Linux da kod ɗaya ba tare da Qt ba, Asio. IOCP tsirara kuwa ta wanda ke gina laburare ce domin wasu, ko wanda ya auna da hannunsa ya ga Asio ta gaza masa, kuma a manhajar tebur ban taɓa cin karo da na biyun ba.

In kuma abin da manhajarka ke yi bai wuce tambayar saba ta ba ta amsa ba, babu turowa daga can, babu na'ura mai nata yare, to ka sake dubawa ko soket tsirara kake buƙata tun farko. HttpClient a C#, QNetworkAccessManager a Qt, ko WinHTTP da libcurl a C, sun riga sun ɗauke maka raba saƙonni da ɓoye bayani, kai dai ka sa wa kowace tambaya wa'adi.